Tambaya Kan Fatar Kalangu a Lokacin Damina

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena makaɗa. A Tahoua na tashi, kuma tun ina ɗan shekara 9 nake bin kawuna filin kokowa ina riƙe masa kalangu, har hannuna ya faɗa. Yanzu shekara 3 ke nan ina Yamai, ina kiɗa da wata ƙungiyar samari masu jita a gidajen biki na Harobanda, unguwar da ke bakin kogin Kwara.

Matsalata ita ce damina. Da zarar watan Agusta ya kama, fatar akuyar da ke bakin kalanguna takan sha danshin kogi ta saki, muryarsa ta dushe, ta yadda ko na matse tsirkiya iya ƙarfina ba ya kai sautin jita. A Tahoua, inda iska ta fi bushewa, abin bai taɓa kai haka ba. Na gwada gasa fatar a kan garwashi kamar yadda kawuna yake yi, amma ba ta wuce minti 20 sai ta koma, kuma har na ƙona guda ɗaya.

Wani ya ce in sa fatar roba, sai dai kunnena bai yarda da amonta ba. Shin laifin jima ne, ko kuwa ɗaurin tsirkiyar zan sake?