Badon Bolibiya: ganowa aka yi ko raɗa suna?

Mai lambu: Jama'a, ni fa labarin katon badon nan, Victoria boliviana, bai kwanta mini ba. An ce masana sun gano sabon nau'i a 2022. Ina sabon? Tsiron da ganyensa ke kai faɗin mita 3, yana shimfiɗe a fadamun yankin Beni na Bolibiya, masu kwalekwale na ratsa shi tun kaka da kakanni. Wannan ai raɗa suna ne, ba ganowa ba.

Ɗaliba: Baba, da gaskiyarka ta wani gefen, amma ba a ce mutanen Beni ba su taɓa ganinsa ba. Abin da ba a sani ba shi ne cewa daban yake da 'yan'uwansa biyu, amazonica da cruziana. Shi ake nufi da sabo.

Mai lambu: To 'yata, sai ki gaya mini yadda busasshensa ya yi shekara 177 a ɗakin ajiyar tsirrai na lambun Kew a Landan ba wanda ya farga. Barci suke yi?

Malamin kimiyya: Alhaji, ka taɓa gwada busar da ganyen bado? Ruwa ne zalla, ga ƙaya. Kafin a matse shi a takarda sai an yayyanka, furen kuma ya koma baƙin tsumma. Kamannin da za su raba nau'i da nau'i duk sun tafi. Sai a 2016 da lambunan Bolibiya suka aika iri zuwa Kew, masanin shuke-shuke na Kew, Carlos Magdalena, ya shuka shi gefe da gefe da sauran biyun, aka ga tsarin ƙayar da siffar ƙwayar irin sun bambanta. Furen da dare yake buɗewa, fari a daren farko, ruwan hoda a na biyu, dole mai zane Lucy Smith ta riƙa zuwa cikin dare tana zana shi. Aka haɗa da gwajin ƙwayoyin halitta, ya nuna cruziana ne ɗan'uwansa na kusa, amma ba shi ba ne. In wannan ba aiki ba ne, ban san aiki ba.

Hajiya: Malam, aiki kam an yi. Ni abin da ke cin raina sunan. Tsiron Kudancin Amurka, sunan sarauniyar Ingila!

Ɗaliba: Hajiya, sunan dangin, wato Victoria, tun 1837 aka sa, kuma ƙa'idar ita ce wanda ya riga shi ke tsayawa. Suna na biyun ne kawai ke hannun masanan, suka ba Bolibiya. Samfurin da aka jingina sunan a kansa ma masanin tsirrai Stephan Beck ne ya tsinko a 1988 a can, ya ɗauka cruziana ne. Kin ga ba 'yan Landan kaɗai ya ruɗa ba.

Mai lambu: Na ji. Amma me sunan Latin ya ƙara wa badon? Tsawo ko faɗi?

Malamin kimiyya: Ya ƙara masa rajista, ranka ya daɗe. Muddin ana lissafa shi cikin cruziana, in ya ƙare a Beni takarda za ta ce nau'in na nan lafiya a Faraguwai da Ajantina. Ba kasafai ake sa abin da ba shi da suna a jerin masu fuskantar ɓacewa ba. Kusan tsirrai 2,000 ake raɗa wa suna duk shekara, kuma rahoton Kew na 2023 ya ƙiyasta uku cikin huɗu na waɗanda ba a kai ga bayyanawa ba suna cikin haɗari.

Hajiya: To a riƙa rubuta sunan da masu wurin ke kiransa a takardar, ko kusa da na Latin ne.

Mai lambu: Wannan na yarda. Kalmar "ganowa" dai har yanzu ban saya ba. A ce "tantancewa", mu rabu lafiya.

Ɗaliba: Baba, su masanan ai "bayyanawa" suke cewa. Je ka kama 'yan jarida.