Neman taimako kan kalmomin harbin baka na zamanin da

Jama'a, don Allah masana tarihi da harshe ku agaza mini. Ina rubuta labari kan yaƙin Ajinku na shekarar 1415, inda maharban Sarki Henri na Biyar na Ingila suka karya mayaƙan Faransa, amma mako biyu ke nan na cije a babi guda.

Baka, kibiya, kwari da tsarkiya ba su ba ni wahala ba. Matsalar ita ce bakan iri biyu ne. Na Ingilishi dogo ne, ya kai tsawon mutum, da ƙarfin damtse ake jansa. Ɗayan kuwa gajere ne, an gicciya shi a kan gungumen itace, ana ɗana shi a ajiye, sai an taɓa kunama kibiyar ta tashi. Na rubuta "bakan bindiga", sai na ga ya karkatar da hankalin mai karatu zuwa makamin da ba shi ake nufi ba. "Baka mai gicciye" ya fi dacewa? Ita kanta "kunama" anya ba daga bindiga muka aro ta ba?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne umarnin shugaban maharba. Da farko na sa ya ce "Ku buɗe wuta!", na goge, domin babu wuta a baka. "Ku saki!" ko "Ku harba!", wanne ne ya fi kama da bakin mutanen da?

Sannan gashin tsuntsun da ake ɗaurawa a gindin kibiya don ta tafi sak, yana da tsohon suna?