Shawarwarin da aka bayar a fada kan zuwa tsibirin Reyuniyon

Jiya a fadarmu nan Maradi hirar Reyuniyon aka sha wajen shayi, ga abin da na riƙe. Tsibirin Faransa ne a tekun Indiya, amma bizar Shengen ta shiga Turai ba ta shigar da kai, tashi daban ake nema, kuɗinsu kuma yuro. Dutsen Piton de la Fournaise mai aman wuta, mita 2,632, kowa cewa ya yi a tafi da asuba don hantsi na yi gajimare ya rufe komai, a ɗau rigar sanyi da ruwa. Wanka a teku sai inda aka yarda, akwai manyan kifaye masu cizo. Ni dai masallacin Noor-e-Islam na Sandeni, babban birnin tsibirin, wanda aka buɗe a 1905, shi ya fi shiga raina wallahi.