Neman shawara: ina son ƙaro ilimin jinya mai taimaka wa shari'a

Maman Ihsan
Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Shekarata 7 ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin karkara cikin jihar Maradi. Watannin baya aka kawo mini yarinya 'yar shekara 11 da aka yi wa fyaɗe. Na wanke ciwon, na ba ta magani, na tura su gari. Zanen jikinta na ƙulle a leda na miƙa wa uwar, a rajista kuma layi biyu kawai na rubuta. Da magana ta kai gaban alƙali, zanen ya riga ya yi fumfuna, rubutuna bai amfani kowa ba. Har yau in na gamu da uwar a kasuwa ba na iya ɗaga ido. Na ji a ƙasashen waje akwai masu jinya da ke karanta wannan fannin musamman. A ina ake yi? Ina da yara uku, amma a shirye nake in sa kuɗin adashina.

Majo Idi
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanyaya miki. Kafin ki taɓa adashinki, ki san yadda abin yake tafiya a nan. Jandarma ko 'yan sanda ko mai gabatar da ƙara ne ke rubuto rekizisiyon, wato takardar neman a duba wanda aka cuta, likita suke rubuta wa, shi ke sa hannu a takardar da za ta je kotu. Karatun binciken shari'a da ake yi a jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar ma na likitoci ne. Ko kin dawo da babbar diploma, hannun likita za a nema. Sai dai likita yakan ga yarinya bayan kwana biyu ko uku, ke kuwa ke kika ganta da ƙurar jikinta.

Hajiya Ramatu, ungozoma
Ɗiyata, na yi aiki wajen Gidan Rumji tun 2019, lokacin da mutanen Zamfara da Sakkwato suka fara kwararowa, na ga irin wannan har na daina ƙirgawa. Abin da ya gyara mini hannu shi ne horo na 'yan kwanaki a kan littafin OMS, Hukumar Lafiya ta Duniya, na kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Je ki wurin shugaban distirik ɗinku, wato gundumar lafiya, ki ce a sa sunanki in an tashi yi.

Kafin nan riƙe wannan. Maganin kariya daga sida sai cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki yana aiki har awa 120, amma gara da wuri. Sai maganin cututtukan sanyi, allurar tetanos in akwai rauni, da ta ciwon hanta nau'in B. Tufafi kuwa a bar su su bushe, kowanne a jakar takarda daban, leda tana riƙe danshi ta ruɓar da shaida. A rubuta rana da awa da sunan wanda ya karɓa daga hannunki, shi ma ya sa hannu.

Rubutun ne ya fi ba mutane wuya. Ki sa maganar yarinya da bakinta, yadda ta faɗa. Kowane rauni ki faɗi inda yake, tsawonsa a santimita, da launinsa. Kada ki rubuta "an yi fyaɗe" ko "ba a yi ba", wannan hukuncin alƙali ne, kuma rashin rauni ba ya nufin ba a taɓa ta ba. In iyaye suka ce a duba musu budurci, ki ƙi cikin ladabi. Tun 2018 OMS ta yi kira a daina, domin duba ba ya nuna komai, sai ƙarin wulaƙanci ga yarinya.

Abdul Aziz
Yaya, fannin da kika ji gaskiya ne. A Amurka ya kafu, wata mai jinya Virginia Lynch na cikin waɗanda suka share hanya. An kafa ƙungiyarsu ta duniya, IAFN, a 1992, a 1995 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Amurka ta amince da shi a matsayin fanni. Horon farko na masu duba manya da matasa awa 40 ne na darasi, sai aiki a gaban ƙwararre. Ana samun darasin ta intanet, amma da Ingilishi ne, kuma a kan dokokinsu aka gina shi. Ni ban goyi bayan Majo gaba ɗaya ba. A Afirka ta Kudu masu jinya na yin wannan binciken a cibiyoyin Thuthuzela na kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a Legas ma akwai irinsu, cibiyar Mirabel, tun 2013. In babu wanda ya karanta a cikinmu, wa zai nemi a buɗe fannin a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maradi wata rana?

Majo Idi
Ban hana ta ba, Abdul Aziz. Na ce ta fara da na kusa.

Maman Ihsan
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na kwafe maganarki a littafi, ranar Litinin zan shiga distirik. Tambaya ɗaya ta rage: in sun zo ba rekizisiyon, kuma uban ya ce a rufa asiri ba ya son hukuma ta ji, in jira ne?

Hajiya Ramatu, ungozoma
A'a, kada ki jira takardar kowa, awa 72 ɗin tafiya suke. Ba ta magani nan take, ki yi mata bayanin duk abin da za ki yi kafin ki taɓa ta, in ta ce a tsaya ki tsaya. Rubuta komai ki kulle a inda ke kaɗai da majo, shugaban asibitinku, ke buɗewa, domin wasu iyayen sai bayan wata guda suke dawowa neman shari'a. Tunda ƙaramar yarinya ce, ki kira likitan distirik a ranar, ku duba tare ko gidan da za ta koma wanda ya yi abin yana ciki.