Shiga kogon ruwa a kan tif a Belize: wadda ba ta iya iyo ba fa?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Houston ta Amurka muke zaune. Maigida zai ɗauki hutu a watan Maris, ya ce Belize za mu je, wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya, tunda tafiyar ba ta wuce awa biyu da rabi a jirgi daga nan. To yara sun ga bidiyon wasu mutane kwance a kan tif ɗin taya, ruwa yana jan su cikin wani kogo mai duhu, tun ranar suka hana ni sakat. Ni kuwa Bakatsiniya ce, ruwan da na sani shi ne na randa, ban taɓa yin iyo ba. Ilham shekararta 11, ƙaninta 6. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mini: da haɗari? Zan iya shiga da hijabina? Kuma an ce sai an ratsa daji da ƙafa, yaya tafiyar take?

Goggon Yara:

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Na je bara a watan Afrilu, ni da babban ɗana da matarsa, kuma ni ma iyawar iyon tawa irin taki ce. Ki kwantar da hankalinki game da ruwan, ba shi ne aikin ba.

Wurin da yawanci ake kai mutane sunansa Nohoch Che'en, a kan kogin Caves Branch. Daga birnin Belize kamar awa ɗaya ne a mota, a kan hanyar George Price da ta nufi Belmopan, babban birninsu. Ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai, dole sai da ɗan jagora mai lasisi. Za su ba ki rigar hana nutsewa, da hular kwano mai tocilan a goshi, da tif ɗin. Kada ki ɗauka baƙin tif ɗin bakanizai ne, namu har da majingina yake. Ɗan jagoran ya ɗaure su gaba ɗaya da igiya, shi ne yake jan ayarin, ke naki zama ne kawai. Kin ga yadda masuntan Argungu suke hawa gora su yi ta yawo a kan ruwa? To haka ne, sai dai su gwanaye ne, mu kuwa kaya ne aka ɗora. A wasu wuraren ma ruwan bai kai gwiwa ba, sai ki ji ɗan jagora ya yi ihu kowa ya ɗaga ƙugunsa don kada dutse ya ƙwale shi. Ni ban ɗaga da wuri ba, na kwana biyu ina zama a karkace.

Abin da ya ba ni wuya tafiyar ƙafar ce. Kafin ki shiga ruwa za ki yi wajen minti 30 zuwa 40 cikin kurmi, kina rungume da tif ɗinki, kuma tun a farko za ki tsallake kogin da ƙafa kina riƙe da igiya, tsakuwar ƙasan tana da santsi. Ba rana ce ke damun mutum ba, don bishiyoyi sun rufe sama ruf. Gumi ne. Zafinmu na Arewa busasshe ne, wannan kuwa kamar an kifa miki tukunyar dambu. Na sa silifas don ina ganin ai ruwa za a shiga, kafin mu yi nisa ɗaya ya tsinke, sai surukata ta ba ni nata takalmin. Ku sayi takalmin ruwa mai rufe yatsu, ku shafa maganin sauro tun a mota.

Amma fa tafiyar ba asara ba ce. Mun tsaya muna kallon wasu tururuwa sun yi layi, kowacce ɗauke da guntun ganye da ya fi ta girma. Ɗan jagoran ya ce ba ganyen suke ci ba, gida suke kaiwa su noma wata irin funfuna a kansa, ita ce abincinsu. Ya nuna mana wani ɗan ƙaramin giginya mai ƙaya a jiki da ba a dafawa, ya kuma ba mu gara wai mu ɗanɗana. Ɗana ya ci, ni na ce a kai kasuwa. Idan kika ji wani gurnani daga saman bishiya kamar na zaki, biri ne, kada ki yar da tif ki gudu.

Cikin kogon kuwa, ruwa garau, sanyi ƙalau, duwatsu masu tsini suna reto daga sama, jemagu maƙale a ramuka. A tsakiya ya ce kowa ya kashe tocilansa. Wallahi ban taɓa ganin duhu irin wannan ba, na sa tafin hannuna a kan hancina ban gan shi ba. Ba abin da kike ji sai ɗigar ruwa. Ayatul Kursiyyu na kama karantawa, kuma ba don tsoro kaɗai ba. Idan naku bai ce a kashe ba, ki roƙe shi.

Maganar sutura: na sa doguwar riga mara nauyi da wando a ciki, da ƙaramin hijabi mai kama kai don hular ta zauna. Ba wanda ya kalle ni sau biyu. Kada dai ki sa zurmemen hijabi ko atamfa, idan suka jiƙe nauyi suke, kuma suna iya sarƙewa a igiya. Akwai ɗakunan canza kaya wajen ajiye motoci, a nan na sauya na yi azahar.

Baban Sadik:

Duk abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Ƙari biyu. Dalar Belize biyu ce dalar Amurka ɗaya, kuma alamarsu iri ɗaya ce a rubuce, don haka ku tambaya wace dala ake nufi kafin ku biya. Wani kamfani ya so ya yi mana wayo da wannan. Sannan ku tambayi ranar da manyan jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido ba sa tsayawa, ko ku yi sammako. Mu mun faɗa ranarsu, kogon ya zama kamar kasuwar Kwari ana jibi Sallah.

Maris lokaci ne mai kyau, rani ne. Daga Yuni zuwa Nuwamba ne damina, idan kogi ya cika rufe wurin ake yi.

Kuma kada a ruɗe ku da kogon Actun Tunichil Muknal, wanda suke kira ATM. Wancan ba na tif ba ne, tun a bakinsa sai an yi iyo, a kutsa tsakanin duwatsu. A ciki akwai tukwane da ƙasusuwan mutanen da Mayawa, mutanen yankin na dā, suka yi hadaya da su sama da shekara 1,000 da suka wuce, domin su a wurinsu kogo ƙofar lahira ce, Xibalba suke ce wa lahirar. Tun 2012 aka hana shiga da kyamara, bayan wani ya saki tasa ta fasa ƙoƙon kan wani mamaci. Ba wurin ɗan shekara 6 ba ne.

Ummu Hanifa:

Yaya, ki kula da abincin rana da suke haɗawa da tafiyar. Shinkafa da wake ne da kaza, an dafa da madarar kwakwa, sai ki ji kamar gida. Amma wasu da wutsiyar alade suke dafa waken, ki tambaya tukuna. Jan lemon da suke zubawa a kofi kuma sau da yawa da giya a ciki. Turanci suke yi a ƙasar, tambaya ba za ta yi wuya ba. Shi kuma ƙaramin, tsawo suke dubawa, ki aika musu da tsawonsa kafin ku biya.

Maman Ilham:

Allah Ya saka da alheri, Goggo, na ji daɗin bayanin nan. ATM dai maigida ya je shi kaɗai idan yana so. Na auna yaron yanzu a jikin ƙofa, zan tura musu. Goggo, hular kwanon tana zama a kan hijabi ba tare da ta zame ba, ko sai na kwance ƙullin gashina?

Goggon Yara:

Ki yi kitso kwantacce kafin ku tafi. Ni da tulin gashi na je a ƙeya, hular ta yi ta gangarowa kan idona, tocilan tana haska mini cinya.