Shugaban ƙasar Italiya: ɗan amshin shata ne ko shi ke riƙe da akala?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ni a wurina shugaban ƙasar Italiya ado ne kawai, mulki na hannun firaminista da majalisa. Jama'a ba sa zaɓensa. 'Yan majalisun ƙasar biyu, ta wakilai da ta dattawa, ne ke zama tare da wakilai 58 na yankuna su kaɗa ƙuri'a. Sashe na 89 na kundin tsarin mulkin 1948 ya ce duk takardar da ya sa wa hannu ba ta aiki sai minista ya sa nasa. Idan majalisa ta yi doka bai so ba, sau ɗaya zai iya mayar da ita, in suka sake amincewa dole ya rattaba hannu. Ba ya tsara kasafin kuɗi, ba ya korar minista. To ina ikon?

Hajiya Rakiya: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka karanta sashe na 89 ka tsallake na 92. Shugaban ƙasa ne ke naɗa firaminista, kuma shi ke naɗa ministoci bisa shawarar firaministan. Shawara ba umarni ba ce. A watan Mayun 2018 Giuseppe Conte, wanda aka ba aikin kafa gwamnati, ya kai wa shugaban ƙasa Sergio Mattarella sunan Paolo Savona a matsayin ministan tattalin arziki. Mattarella ya ƙi, saboda ra'ayin Savona kan kuɗin yuro, yana ganin zai girgiza kasuwa ya taɓa ajiyar talakawa. Conte ya ajiye aikin kafa gwamnatin a ranar 27 ga wata, Luigi Di Maio, jagoran jam'iyyar Five Star, har ya yi kiran a tsige shugaban. Jam'iyyu biyun da suka tsayar da Conte, Five Star da Lega, suna da rinjaye a majalisa fa, amma ba su samu ministan da suke so ba. Kuma ba a kansa aka fara ba: a 1994 shugaba Scalfaro ya hana firaminista Berlusconi ba Cesare Previti ma'aikatar shari'a, sai ta tsaro aka tura shi.

Malam Habu: Hajiya, ƙarasa labarin mana. Ranar 1 ga Yuni an rantsar da Conte ɗin nan dai, Savona kuma ya shiga gwamnati a matsayin ministan harkokin Turai. Kujera kawai aka sauya masa.

Hajiya Rakiya: Kujerar ai ita ce rigimar. Giovanni Tria ne ya riƙe baitulmali, ba Savona ba. Wanda ya iya hana ka ɗora mutuminka a kan baitulmali ba ado ba ne.

Barista Nuhu: Ku gafarce ni, ina ganin kowannenku ya kama gefe guda ne. Abin dubawa shi ne yanayin majalisa a lokacin. Gwamnatin Italiya tana bukatar amincewar majalisar wakilai da ta dattawa, kowacce daban, kuma sashe na 94 ya ba ta kwana 10 bayan kafuwa ta je ta nema. Majalisun biyu ƙarfinsu ɗaya, ko guda ta juya baya gwamnati ta faɗi. Saboda haka idan zaɓe ya ba da rinjaye bayyananne, shugaban ƙasa ba shi da zaɓi. Dubi 2022: ƙawancen Giorgia Meloni ya ci majalisun biyu a zaɓen 25 ga Satumba, tuntuɓar da aka yi a Kwirinale, fadar shugaban ƙasa, ba ta ɗauki lokaci ba, aka rantsar da ita 22 ga Oktoba. A nan maganar Malam Habu ta tsaya. Amma idan jam'iyyu suka tarwatse, komai na komawa teburin mutum ɗaya. A Nuwamban 2011, lokacin da kuɗin ruwan bashin ƙasar ya haura kashi 7 cikin 100, shugaba Napolitano ya naɗa Mario Monti sanata na tsawon rai ranar 9 ga wata, Berlusconi ya yi murabus ranar 12, ranar 16 Monti ya zama firaminista. Mutumin da bai tsaya zaɓe ba! Haka Mattarella ya kira Mario Draghi a Fabrairun 2021.

Malam Habu: Barista, Monti da Draghi duk sai da majalisa ta kaɗa musu ƙuri'ar amincewa. Da ta ƙi, sun koma gida.

Barista Nuhu: Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ka tambayi abin da ya sa ta amince.

Alhaji Isa: Amsar tana sashe na 88, kuma ina mamakin yadda ba a fara da shi ba. Shugaban ƙasa ne ke rusa majalisa, bayan ya ji ta bakin shugabannin majalisun biyu. Firaminista ba zai iya tilasta zaɓe ba. A Disambar 1994 jam'iyyar Lega ta janye daga gwamnatin Berlusconi, shi kuma ya nace a koma ga masu zaɓe. Scalfaro ya ƙi, ya ce muddin akwai rinjaye a majalisa ba za a rusa ta ba, ya ba Lamberto Dini aikin kafa gwamnati a Janairun 1995. Zaɓen bai zo ba sai Afrilun 1996, kuma Berlusconi ya faɗi. Ɗan majalisar da ya san in ya ƙi wanda aka kawo masa za a sallame shi ya koma neman ƙuri'a, ba da sauƙi yake cewa a'a ba. Waɗanda suka rubuta kundin ma sun san nauyin wannan makami, shi ya sa suka hana amfani da shi a watanni shida na ƙarshen wa'adin shugaba, don kada ya rusa majalisa ya samo wadda za ta sake zaɓensa. A 1991 aka ƙara cewa hanin ba ya aiki in watannin sun zo daidai da ƙarshen wa'adin majalisar kanta.

Ga kuma tsawon wa'adi. Nasa shekara 7, na majalisa 5. Shi ke naɗa alƙalai 5 cikin 15 na kotun tsarin mulki, shi ke shugabantar majalisar ƙoli ta alƙalai. Da kujerar banza ce, ba za a yi zagaye 23 ba kafin a zaɓi Giovanni Leone a 1971.

Malam Habu: Alhaji, ranka ya daɗe, batun rusa majalisa na karɓa. Amma har yanzu ikon ba nasa ba ne, raunin jam'iyyu ne ke ba shi aro. A Jamhuriya ta Farko a Najeriya, bayan zaɓen Disambar 1964, Azikiwe ya ja ƙafa wajen kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙarshe dai ya kira shi, don rinjaye na wurinsa. Mai rinjaye shi ke da magana.

Hajiya Rakiya: To Malam, in aro ne, ai an daɗe ana arawa. Italiya ta yi gwamnatoci sama da 60 tun 1946, rikicin da kake ɗauka na wucin gadi shi ne abin da aka saba. Kuma ka lura da gyaran da gwamnatin Meloni ta gabatar, wanda majalisar dattawa ta amince da shi a karatun farko a Yunin 2024: jama'a su zaɓi firaminista kai tsaye, a taƙaita damar shugaban ƙasa ta ɗauko wani daga wajen majalisa, a soke naɗa sanatocin tsawon rai. In kujerar ba ta da iko, me ake son ragewa?

Malam Habu: Wannan sai na sake duba rubutun gyaran, musamman abin da ya ce a kan sashe na 88. In ya mayar da rusa majalisa hannun firaminista, to a nan za mu ci gaba.