Marseille da Hausa: Marsai ko Marsiliya?

1/ Jiya a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu na ji sunan gari ɗaya a baki uku. Wani ya ce "Masel", wani "Marsile", na ukun ya ce "Masai". Duk Marseille suke nufi, birni na biyu mafi yawan jama'a a Faransa, wanda ke bakin Bahar Rum. 'Yan'uwa, abin ya dame ni. Mu tsayar wa garin nan suna ɗaya.

2/ Yawancin Faransawa "Mar-sey" suke cewa. L ɗin nan guda biyu ba sa fita, y suke komawa, e ta ƙarshe kuma ba a furta ta. R ɗinsu daga maƙogwaro take fitowa, kusa da gainun ta Larabci. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci haka suke faɗa.

3/ In lafazi za mu bi, Marsai ya dace, don "sai" ɗinmu ta yau da kullum ta yi kusa ƙwarai da ƙarshen sunan. Amma ga inda gizo ke saƙar. Mu da kunnenmu ya saba da masu sharhin ƙwallo na Ingila mun koyi haɗiye r. Da ta faɗi, sai a koma masai, wato salga. Ba zan so mai karanta labarai ya ce shugaban ƙasa ya sauka a can ba.

4/ Wani malamina ya ce Marsiliya ne daidai, wai daga "marsa" ta Larabci, wato inda jirgin ruwa ke tsayawa. Allah ya gafarta Malam, sunan na karɓa hannu biyu, amma asalin ba haka yake ba. Girkawa ne daga Fokaya, garin da yau yake gaɓar Turkiyya kusa da Izmir, suka kafa birnin wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka sa masa Massalia. Babu r a ciki ma. Rumawa suka mayar da shi Massilia, kuma a ƙarƙashin wannan sunan Julius Kaisar ya yi wa garin ƙawanya a shekara ta 49 kafin miladiyya. Daga baya r ta shigo: Marselha a harshen mutanen kudancin Faransa, Marsiglia a bakin Italiyawa. Garin da "marsa" ke cikin sunansa da gaske shi ne Marsala na tsibirin Sisili.

5/ Duk da haka Marsiliya nake goyon baya. Ta fi Marseille ɗin kanta kusa da tsohon sunan, tana ƙarewa da wasali kamar yadda bakinmu ke so, kuma ko an haɗiye r ba a faɗa cikin abin kunya ba. Ba yau muka fara karɓar sunan gari ta hannun Larabawa ba: Faransa, Masar, Ƙudus, Iskandariya.

6/ Garin ya cancanci wannan wahalar. Taken ƙasar Faransa, La Marseillaise, sunan garin yake ɗauke da shi, ko da yake a Strasbourg aka rubuta shi a 1792. 'Yan sa-kai daga Marsiliya ne suka shiga Paris suna rera shi, sunan ya bi su. Kamfanin kasuwancin Faransawa na CFAO da dattawan Kano suka sani tun zamanin cinikin gyaɗa, a Marsiliya aka kafa shi a 1887. A Agustan 1944 kuma sojojin Aljeriya da Maroko na cikin waɗanda suka ƙwato garin daga hannun Jamusawa.

7/ Ƙungiyar ƙwallo dai a bar ta da sunanta, Olympique de Marseille, ko OM a taƙaice. Garin nake magana. Ku gwada wannan a bakinku ku ji: "A 1993 Abedi Pele ya bugo kwana, Basile Boli ya sa kai, kofin Turai ya tafi Marsiliya." Mutanen Nijar, ku da kuka fi mu jin sunan daga bakin masu shi, ya zauna muku?